Matar Indiya: Sari, Wando da Takardar Gona

Duk Bahaushen da ya taso a Kano ko Zariya ko Maraɗi yana jin ya san matar Indiya. Shekara da shekaru muna kallonta, tun zamanin gidajen silima har zuwa yau da fassarar Hausa ta shiga kowace waya. Mata iri biyu finafinan suka saba nuna mana. Akwai mai sari da jan ɗigo a goshi, mai sunkuyawa ta taɓa ƙafar surukarta, wadda ba ta kai loma baki sai maigida ya ci. Akwai kuma 'yar birni mai wando da gajeren gashi, tana tuƙa mota tana zuba Turanci. Sai a haɗa su kishi a kan namiji ɗaya, mu kuma 'yan kallo mu rabu gida biyu: wasu su ce ta farkon ce mai tarbiyya, wasu su ce ta biyun ce wayayya.

Ni wannan ma'aunin ne ban yarda da shi ba. Tufafi shi ne abu mafi sauƙin canzawa a rayuwar mace, shi ya sa yake saurin ruɗin mai kallo. In ana son a san ko rayuwar matar Indiya ta canza, a tambayi abin da ta mallaka da sunanta, a kuma tambayi wane ne ke da ta cewa a kansa. Wanda ya bi wannan hanya zai ci karo da abin mamaki: al'adun da suka fi danne ta, da zamani ya zo, ƙiba suka yi. Matan da suka fi samun canji na gaske kuwa, da yawansu har gobe sari ne a jikinsu.

A fara da aure. A wajenmu namiji ne ke biyan sadaki. A mafi yawan Indiya abin a juye yake: iyayen amarya ne ke bai wa ango da danginsa dukiya, abin da suke kira dahej. Kuɗi, zinare, babur, firji, mota, wani lokaci har fili. Majalisar ƙasar ta haramta shi tun 1961, mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne a idon doka. Duk da haka, wani bincike a kan aure dubu 40 da aka ɗaura a ƙauyukan Indiya tsakanin 1960 da 2008 ya gano an biya dahej a kashi 95 cikin 100. Doka tana cikin littafi, jama'a suna harkar gabansu.

Mai saurin yanke hukunci zai ce ai tsohuwar al'ada ce ta jahilci, boko zai yi maganinta. Tarihi bai goyi bayansa ba. Masana tattalin arziki biyu, Gaurav Chiplunkar da Jeffrey Weaver, sun bi diddigin aure sama da dubu 70 na ƙarnin da ya wuce. Abin da suka gani shi ne, a wajajen 1930 auren da ake biyan dahej bai kai rabi ba, amma kafin 1975 ya kusa tara cikin goma. Me ya faru a tsakani? Makarantu suka yawaita, aikin albashi ya samu, saurayi mai takarda ya zama abin rububi. Uban da ya kashe kuɗi ɗansa ya zama injiniya ko likita ko ma'aikacin gwamnati sai ya yanka masa farashi, iyayen 'yan mata kuma suka shiga gasar saye. Har wasu dangogi na ƙasa-ƙasa, waɗanda a da su ne ke biyan iyayen yarinya kamar yadda muke yi, suka watsar da nasu suka ɗauki na manya, don a ce su ma sun hau. Kowane sabon abu da ya shigo kasuwa, daga rediyo zuwa talabijin zuwa mota, yana shiga jerin abin da dangin ango za su nema.

Kerala ita ce jihar da Indiya ke tinƙaho da ita wajen ilimi, sama da kashi 90 cikin 100 na matanta sun iya karatu da rubutu. A can ne a 2021 aka tsinci gawar wata ɗalibar likitancin gargajiya a gidan mijinta a yankin Kollam, bayan ta daɗe tana shan duka da cin mutunci. Iyayenta sun ba da zinare, sun ba da fili, sun ba da mota. Mijin, wanda ma'aikacin gwamnati ne, motar ce ba ta yi masa ba. Kotu ta ɗaure shi shekara 10 a 2022. Ita mai karatu, shi mai karatu, iyayensu ba mutanen daji ba. Alƙaluman hukumar da ke tattara bayanan laifuka a ƙasar suna nuna mata sama da 6,000 ne ke mutuwa duk shekara a kan rikicin dahej, wato fiye da mace 16 kowace rana. Waɗanda aka kai rahotonsu ke nan. Abin ya yi ƙamari har a 1986 aka ƙara wani sashe a dokar laifuka: in mace ta yi mutuwar da ba a gane kanta ba kafin cika shekara 7 da aure, kuma an san ana takura mata a kan dahej, miji da danginsa ne za su wanke kansu.

Idan 'ya mace ta zama bashin da ke jiran uba tun ranar suna, ba sai an yi dogon tunani ba kafin a san inda za a dosa. A da, wanda ba ya son 'ya mace sai ya jira a haife ta. Da na'urar hoton ciki ta bazu a shekarun 1980, jiran ya ƙare. Wasu asibitoci masu zaman kansu har talla suka riƙa yi, ma'anarta: ka kashe rupi 500 yau, ka huta da biyan 50,000 gobe. A duba ciki, in mace ce a zubar. Ƙidayar 1961 ta samu 'yan mata 976 a kan kowane yara maza 1,000 'yan ƙasa da shekara 7. A 1991 suka koma 945, a 2001 suka koma 927, a 2011 suka sauka zuwa 919. A jihar Haryana 834 ne. Tun 1990 Amartya Sen, masanin nan ɗan Indiya da daga baya ya ci kyautar Nobel, ya yi lissafin cewa mata sama da miliyan 100 ne suka ɓace daga ƙidayar duniya, akasarinsu a Asiya, saboda fifita ɗa namiji.

Abin lura a nan shi ne wuraren da abin ya fi muni. Haryana da Punjab jihohi ne masu arziki, masu noman zamani da tarakta. Bincike ya nuna gidajen masu hali da masu ilimi sun fi matalauta zubar da cikin 'ya mace, musamman in ta fari mace ce. Dalilin a fili yake: su ne ke da kuɗin zuwa asibiti, su ne kuma suka rungumi ƙayyade iyali. Wanda zai haifi takwas ba ya damuwa, ya san namiji zai zo a hanya. Wanda ya yanke biyu kawai zai haifa, kuma ya rantse sai da namiji, shi ne ke neman na'ura. An hana likita faɗin jinsin ɗan tayi da dokar 1994, Firaminista Narendra Modi kuma ya ƙaddamar da gangamin ceton 'ya mace da ilmantar da ita a garin Panipat na Haryana a 2015. An ɗan samu sauƙi a 'yan shekarun nan. Amma yaran da aka haifa a lokacin sun girma, kuma akwai ƙauyukan Haryana da samari suka rasa matan aure, sai dillalai su kawo musu daga Bihar da Assam da Bengal, 'yan matan da ba su jin yaren gidan da aka kai su, ba su da kowa a kusa.

Kafin mu yi wa Indiyawa dariya, mu waiwayi kayan ɗaki. Gaskiya ne akwai bambanci babba: a wajenmu gado da kujeru da kwanuka mallakar amarya ne, in aure ya mutu ta kwashe abinta, kuma shari'a ba ta ɗora wa uba ko cokali ba. Amma duk mai 'ya'ya mata ya san yadda jerin ya riƙa tsawo a 'yan shekarun nan, ya san uban da ya sayar da gona ko ya ci bashi don kada dangin miji su shigo ganin ɗaki su taɓe baki, ya san yarinyar da aurenta ya tsaya saboda ba a haɗa kaya ba. Indiyawa ma nasu daga kyautar da uba ke yi wa 'yarsa ya faro, kafin ya koma haƙƙin da ango ke ƙirgawa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

To ina batun karatu? Nan kam Indiya ta yi rawar gani, ba mai musu. Lokacin da Savitribai Phule da mijinta suka buɗe makarantar 'yan mata a Pune a 1848, ana ba da labarin cewa sai ta riƙe sari na biyu a jaka, saboda mutanen unguwa na jifanta da kashin shanu a hanya. A 1951 matan da suka iya karatu ba su kai kashi 9 cikin 100 ba, a 2011 sun kai 65. Yau kusan rabin ɗaliban manyan makarantun ƙasar mata ne. Mata na cikin jagororin aikin kumbon da Indiya ta tura duniyar wata, kuma rabon mata a cikin matuƙa jirgin samanta ya zarce na Amurka da Ingila. Auren wuri ya ragu sosai: a 2005 zuwa 2006 kusan kashi 47 na mata 'yan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, a 2019 zuwa 2021 ya sauka zuwa 23. Haihuwa ma ta koma kimanin 'ya'ya biyu ga kowace mace.

Sai dai takardar ba ta cika kai mai ita bakin aiki ba. A 2017 zuwa 2018, alƙaluman gwamnati sun nuna kashi 23 ne kawai na mata ke aiki ko neman aiki, a ƙasar da tattalin arzikinta ya yi shekara 25 yana haɓaka. Adadin ya haura 40 a 2023 zuwa 2024, amma galibin ƙarin matan karkara ne masu aiki a gonar gida ko ƙaramar sana'a, da yawansu ba a biyansu ko sisi. Akwai abin da masu nazari suka daɗe da ganowa: in samun miji ya ƙaru, matar ake fara janyewa daga aiki, saboda zamanta a gida alama ce ta rufin asiri. Digirin yarinya a gidaje da dama kayan ado ne na kasuwar aure, yana sa a samu miji mai tsada, yana kuma tabbatar wa dangin miji cewa jikokinsu za su samu mai yi musu bitar karatu. Wadda ta dage ta fita aiki kuwa, tukunya na jiranta. Ƙidayar yadda ake kashe lokaci da gwamnati ta yi a 2019 ta nuna mace na yin minti 299 a rana a aikin gida, namijin da ke taɓawa kuwa minti 97. 'Yar wandon nan da muke gani a fim tana fita daga ofis, ba a nuna mana ta da ƙarfe biyar na asuba tana murza gurasar mutum takwas kafin ta kama jirgin ƙasa.

Ga kuma hanya. A daren 16 ga Disamba 2012 wasu maza shida suka yi wa wata ɗaliba 'yar shekara 23 fyaɗe a cikin motar bas a Delhi, ta rasu bayan kusan mako biyu a asibitin Singafo. Ƙasar ta ɗau zafi, aka tsaurara doka a 2013, aka rataye huɗu daga cikinsu a 2020. A Agustan 2024 aka yi wa wata likita fyaɗe aka kashe ta a cikin asibitin da take aiki a Kolkata, tana kan aikin dare. Duk lokacin da irin wannan ta faru, hukuncin farko a kan 'yan mata yake sauka, a cikin gidajensu: kada ki kai magariba a waje, ki bar aikin nan mai nisa, makarantar garin nan ma ta isa.

Shi ya sa nake ganin wasu ƙananan matakai sun fi dogon jawabi amfani. Gwamnatin Bihar, ɗaya daga jihohi mafi talauci, ta fara bai wa 'yan matan sakandare kuɗin sayen keke a 2006, shigarsu makaranta ta ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100. Delhi a 2019, Tamil Nadu a 2021, Karnataka a 2023, duk sun mayar da bas ɗin gwamnati kyauta ga mata. Tun 2016 ake raba tukunyar gas da sunan matar gida, ko da yake kuɗin sake cika ta yana mayar da wasu ga itace da busasshen kashin shanu. Matan da ke da asusun banki da suke juyawa da kansu sun tashi daga kashi 53 zuwa kusan 79 cikin shekara biyar. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya nemi mace ta cire mayafi ko ta saɓa wa addininta.

Mafi burge ni ma tsofaffin misalai ne. A 1959 mata bakwai a Mumbai suka ranci rupi 80 suka fara murza papad, wata 'yar siririyar gurasa mai ƙaras-ƙaras, a saman rufin gidansu. Ƙungiyar tasu, Lijjat, yau tana da mata wajen dubu 45, kowacce mai hannun jari ce, akasarinsu kuma a gida suke aikin. A 1972 wata lauya mai suna Ela Bhatt ta haɗa masu talla da masu dako da masu ɗinki a Ahmedabad ta kafa ƙungiyar SEWA. Da bankuna suka ƙi kula su saboda ba su iya sa hannu ba, mata 4,000 suka zuba rupi goma-goma suka buɗe nasu a 1974. A Kerala shirin Kudumbashree, wanda aka fara a 1998, ya tara mata sama da miliyan huɗu a ƙananan ƙungiyoyin unguwa masu tara kuɗi duk mako su ranta wa juna. Duk macen da ta taɓa zubin adashe ta san tushen abin. Ka duba hotunan tarukansu: sari ne, da mayafi, da silifas. Da fim ne, su ne za a sa su zama marasa wayewa.

Siyasa ma haka. Indiya ta yi Firaminista mace, Indira Gandhi, tun 1966, ta yi shugabar ƙasa mace a 2007, ta sake yi a 2022 da Droupadi Murmu. Amma abin da ya fi taɓa ƙauye shi ne gyaran tsarin mulki na 1992, wanda ya ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauye, jihohi da dama kuma suka ɗaga zuwa rabi, Bihar ce ta fara a 2006. Yau mata fiye da miliyan ɗaya ke riƙe da irin waɗannan kujeru. Masu suka suna cewa ai hoto ne, mijin ne ke mulki, har suna ke gare shi: sarpanch pati, mijin shugabar ƙauye. Yana faruwa, ba ƙarya ba ne. Wata ma da lulluɓinta har ƙirji take zuwa taro, don matan Hindu a Rajasthan da Haryana su ma suna rufe fuska a gaban manya. Duk da haka binciken Esther Duflo da Raghabendra Chattopadhyay a Bengal ta Yamma da Rajasthan ya nuna ƙauyen da mace ke shugabanta ya fi kashe kuɗi a kan ruwan sha. Mai ɗaukar tulu ita ta san nisan rijiya. A majalisar tarayya kuwa maza sun fi iya jan ƙafa: an zartar da dokar kashi ɗaya cikin uku a 2023, aka ɗaura ta a kan sai an yi sabuwar ƙidaya an sake shata mazaɓu, sai zaɓen 2024 ya kawo mata 74 cikin kujera 543, ƙasa da 78 na zaɓen da ya gabata.

A daidai lokacin da ake wannan, faɗan da ya fi cika jaridu na tufafi ne. Dattawan wasu ƙauyukan arewa su zauna su haramta wa 'yan mata wando da wayar hannu. A farkon 2022 kuma wata kwalejin gwamnati a Udupi ta jihar Karnataka ta hana ɗalibai Musulmi shiga aji da hijabi, gwamnatin jihar ta mara mata baya, babbar kotun jihar ta amince, alƙalai biyu na Kotun Ƙoli suka rabu a kai a Oktoban shekarar. Waɗancan da sunan al'ada, waɗannan da sunan tsarin makaranta na zamani, a ƙarshe dai yarinya ce ta rasa aji. Haka batun saki uku a lafazi ɗaya: Kotun Ƙoli ta soke shi a 2017, majalisa ta mayar da shi laifin ɗaurin shekara uku a 2019. Matan Musulmi ne da kansu suka kai ƙara, kuma kukansu na gaskiya ne, don akwai waɗanda aka saka ta saƙon waya. Amma ni har yau ina tambaya: in an ɗaure mijin, wa zai ciyar da ita da yaran? 'Yan siyasar da suka yi ta murna ban ji sun yi irin wannan ɗoki a kan rabon gadonta ba.

Na san abin da masu kare al'ada za su ce, kuma ba duka maganarsu ce ta banza ba. Babban gida mai kaka da suruka shi ne ke riƙe wa ma'aikaciya jariri a ƙasar da gidan renon yara ya yi ƙaranci. Auren da iyaye ke haɗawa, wanda har yau shi ne mafi rinjaye ko a birane, ya sauya kama: yanzu yarinya kan ga yaron, su yi waya, tana iya cewa a'a. Suna kuma nuna yadda saki ya yi ƙaranci a ƙasarsu. A nan ne nake tsayawa. Ƙarancin saki yana iya zama alamar zaman lafiya, yana kuma iya zama alamar rashin wurin zuwa. Matar da ubanta ya ci bashi ya aurar da ita, ga ƙannenta mata na jiran layi, da wane ido za ta koma gida? Sannan al'adar ma ba ɗaya ba ce. A wajen ƙabilar Khasi ta jihar Meghalaya, autar 'ya'ya mata ce ke gadon gida, miji ne ke tarewa. A wajen Nayar na Kerala ta wajen uwa ake bin dangi da dukiya, duk da cewa kawu ne ke juya ta, kuma dokokin zamani ne suka rushe tsarin, na ƙarshensu a 1975. In wani ya ce yana kare al'adar Indiya, a tambaye shi wacce.

Wannan ya kawo mu kan gona, inda a ganina nan ne gizo ke saƙa. Dokar gadon mabiya Hindu ta 1956 ta bar 'ya mace a waje a kan dukiyar kakanni, ɗa namiji kuwa da haihuwarsa yake da rabo. Wasu jihohin kudu suka fara gyarawa, Andhra Pradesh a 1986, Tamil Nadu a 1989, kafin a gyara wa ƙasa baki ɗaya a 2005. A 2020 Kotun Ƙoli ta ƙara fayyacewa cewa haƙƙin na haihuwa ne, ko uban ya rasu kafin 2005. A takarda an gama magana. A ƙasa kuwa, ƙidayar noma ta 2015 zuwa 2016 ta nuna kimanin kashi 14 cikin 100 ne kawai na gonaki ke hannun mata, alhali su ne ke dashen shinkafa, su ne ke cire ciyawa, su ne ke tatsar shanu.

Yadda ake yi abin tausayi ne. A Rajasthan akwai abin da ake kira haq tyag, sallama haƙƙi: uba na rasuwa, sai a kai 'yan'uwa mata ofishin filaye su sa hannu sun bar wa maza rabonsu, a yi musu kyautar sari a dawo gida. Ba wuƙa ake sa musu a wuya ba. Tunatar da su ake yi cewa an riga an kashe musu nasu a dahej, dahej ɗin da ya tafi aljihun miji. Ana kuma tunatar da su, ba da baki ba, cewa gidan ɗan'uwa shi ne mafakar da ta rage in gidan miji ya yi zafi. Duk mai kallon finafinansu ya san bikin da 'yar'uwa ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare a hannu, shi kuma ya yi alkawarin kare ta. Wadda ta nemi gona ta san ba za a sake miƙo mata hannun ba. Musulman Indiya, waɗanda suka kai kashi 14 cikin 100 na jama'a, Alƙur'ani ya riga ya yanka wa 'ya'yansu mata rabo, amma dokar 1937 da ta tabbatar musu da bin shari'a a harkar iyali ta cire filin noma daga ciki, kuma dahej ya shiga gidajensu kamar na kowa. Mu ma da muke karanta ayar gado a Suratun Nisa'i, mun san gidajen da ake cewa mace ba ta noma, a bar gona wajen yayanta.

Abin da ke ba ni ƙwarin guiwa shi ne jihohin da suka gane cewa wa'azi kaɗai ba ya raba mutum da fili, sai suka bi ta aljihu. A Delhi, harajin rajistar gida ya fi sauƙi in da sunan mace fiye da in da sunan namiji, kuma jihohi irin su Haryana da Uttar Pradesh suna da irin wannan rangwame. Gidajen da gwamnatin tarayya ke gina wa talakawa ana rubuta su da sunan matar gida, ko ita da mijin tare. Maigida da yawa don ya rage haraji yake sa sunanta, ba don ya yi imani da komai ba, kuma watakila shi zai ci gaba da riƙe makulli. Ba komai. Ranar da rigima ta tashi, alƙali takarda zai duba. Masu bincike biyu, Bina Agarwal da Pradeep Panda, sun tambayi matan aure kimanin 500 a yankin Thiruvananthapuram na Kerala game da dukan miji. Cikin waɗanda ba su mallaki gida ko fili ba, kashi 49 cikin 100 sun ce an daɗe ana dukansu. Cikin masu gida da fili da sunansu, kashi 7 ne.